Shekarar da Inna Kulu Ta Shiga Aji Ɗaya

Duk wanda ya san Inna Kulu ya san kujerarta. 'Yar kujerar tsuguno ce ta icen ƙirya, baƙa wuluk, ta sha hannu har tana ƙyalli. Gidan suna, gidan biki, wajen ta'aziyya, kai har ƙofar Maigari, sai ka hango ta tafe da ita a ka kamar mai tallar fura. A shimfiɗa mata tabarma sabuwa dal, ta dube ta, ta ja tsaki, ta sauke kujerarta a gefe ta zauna. In an ce, "Haba Inna, tabarmar ce ba ta yi miki ba?" sai ta ce, "Tabarmar mutane sai sun sallame ka kaka tashi. Wagga tawa ta. In magana ta ɓaci, in ɗauki abina in tahi."

Kuma wallahi tana tafiya! Sau nawa aka ga ana tsakiyar sasanta rigima ta miƙe, ta ɗora kujera a ka, ta bar dattawa da baki buɗe?

Ku tsofaffin ɗalibaina da jikokinta ne kuka matsa mini in rubuta abin da nake tunawa game da ita, tunda yanzu na yi ritaya, ba ni da aiki sai gardama da rediyo. To ga shi. Amma saboda yaran da suka taso suka tarar ana ce mini Malam Rasaki na gidan Inna Kulu, har suna zaton a nan aka yanke mini cibi, bari in fara da yadda aka yi na zo.

Ni Bayarabe ne. Iyayena mutanen Ilori ne, mahaifina tela ne a Sabon Garin Zariya, can na tashi, can na yi makarantar horon malamai. Da na gama, takarda ta kai ni ofishin ilimi na Isa, su kuma suka turo ni wannan ƙauye namu da ke gaba da Unguwar Lalle. Shekarar ita ce ta biyu a cikin babban farin nan da ya kashe shanu ya watsa mutane. Ni kuwa ban san komai ba. Na zo da akwatin ƙarfe, da takalmi mai igiya, da kwat. Kwat, jama'a! Da bazara, a ƙasar Gobir!

Akori-kura ta sauke ni a Sabon Birni. Daga nan wani mai jaki ya ɗora akwatina, ni kuma na bi su a ƙasa, rairayi na cika mini takalmi. Gonaki fetal, ko karan bara babu, duk an tsince an ba dabbobi. Da la'asar muka isa. Hedimasta, Malam Garba, mutum mai sanyin hali da ba ya iya korar ƙuda sai ya ba shi haƙuri, ya kai ni gaban Maigari ya yi bayani: ga sabon malami, amma ɗakin da aka tanadar masa gara ta cinye azarar, rufin ya rufta. Wa zai sauke shi?

Kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Ba rowa ba ce. A wannan shekara, wanda ya ɗauki baƙo ya ɗauki baki ne, kuma rumbuna sun daɗe da zama wayam.

Can daga gefe sai na ji wata murya kamar an buga tasa.

"Maigari, mi kac ce? Bayarabe na?"

Wata tsohuwa ce siririya, zaune a kan 'yar kujera. Maigari ya ce, "I, Kulu, Bayarabe na."

"Alhamdu lillahi! Nawa na. Ɓacewa yay yi, Allah ya maido min abina. Ku ba ni shi."

Wuri ya kaure da dariya. Kun dai san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowa na cewa shi ne ubangidan wani, kuma ba a fushi. Ta taso, ta kama haɓata da hannu kamar mai taya rago, ta juya fuskata dama da hagu tana ƙidaya tsagata.

"Ɗaya, biyu, ukku. Ukku kaɗai? Wanzaminku gajiya yay yi, ko ko tserewa kay yi ba a gama ba?"

Ita kuwa ga tata nan reras, shida a wannan kunci, bakwai a wancan. Na san in na yi shiru na kaɗe har abada. Na ce, "Inna, mu kyan da Allah ya ba mu ya ishe mu, ba sai an ƙara da aska ba."

Ta zuba mini ido. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har da dafa gwiwa.

"Kai! Shina da baki! Ku ɗauko kayanai."

Haka na samu gida.

Shagon ƙofar gida ta ba ni, inda take ajiye harawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza biyu sun tafi cin rani da iyalansu, ita kaɗai ce a gidan sai akuya. Na shiga ina dubawa, sai ga kaza a kusurwa, kwance kan ƙwai a cikin fasasshiyar tukunya, tana hararata. Na ce, "Inna, a taimaka a fitar da wannan."

"A hid da wa? Ita tar riga ka zuwa. Kuma ita na san abin da za ta ba ni. Kai mi za ka ba ni? Boko?"

Nan take ta kafa mini dokoki: kada in yi tari da ƙarfi, kada in yi shara ta wannan ɓangare, kada in buɗe akwati yana ƙara. Mako biyu da 'yan kwanaki ina zaune da kaza, ina shiga ɗakina da sanɗa kamar ɓarawo. Ranar da aka ƙyanƙyashe, ina dawowa daga makaranta na ji guɗa. Inna ce a ƙofar shago, ta tara matan unguwa.

"Barka, Bayarabe! An sauka lahiya! Bakwai, kuma duk da kai sunka yi kama!"

Har kwana uku mutane na tare ni a hanya suna yi mini barka da arziki, suna tambayar ranar suna.

Sai maganar ruwa. Rijiyar gari ta ƙafe, sai an je gulbi an tona rairayi, a jira ya tsattsafo. Ni ɗan Zariya da na saba da famfo, washegarin zuwana na ce zan yi wanka. Inna ta dube ni kamar na ce a ba ni doki. Ta shiga ɗaki ta fito da buta ta miƙo mini.

"Inna, wanka fa na ce, ba alwala ba."

"Na ji ka. Ta alwala rabin wagga ta."

Ta ja ni bayan gida, inda take da wata 'yar zogala guda ɗaya tal, an kewaye ta da zana.

"Nan za ka tsaya, ga gindinta. Ruwan ga ku biyu za ku raba."

Sai idonta ya faɗa kan sabulun da ke hannuna. Kafin in ankara ta fizge.

"Zogalata ba ta cin sabulu!"

Haka na riƙa wanka da buta ɗaya a gindin zogala, ina lissafin kowane ɗigo: wannan na kai, wannan na wuya, sauran Allah ya raba. Bayan kamar wata guda ta kawo mini kwaɗon zogala, ya ji ƙuli-ƙuli da barkono. Rabona da ganyen kirki tun Zariya. Na zauna ina ta zuba loma, ita kuma tana kan kujerarta tana kallona. Sai da na kusa siɗe kwano ta ce, "Ci da kyau, kar ka ji kunya. Dauɗarka ta tad dawo gida."

Na tsaya da loma a hannu. Wallahi na yi tunani, na yi tunani, sannan na kai ta baki. Yunwa ce fa ake yi!

To makarantar ita ce babban abin. Aji biyu ne na ƙasa, ni da Malam Garba. A rijista sunaye cike da shafi, amma a cikin aji yara tara ne. Wasu iyayen sun kwashe 'ya'yansu sun yi Gusau, wasu kudu. Waɗanda suka rage kuwa da sassafe ake tura yaran daji tsintar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Wa zai ga laifinsu? Wata rana ina cikin koyar da lissafi wata yarinya ta sulale daga benci ta faɗi. Ba ciwo ba ne, tun jiya ba ta sa komai a baki ba.

Ana cikin haka takarda ta zo daga Isa. Sufeton makarantu zai zo nan da mako uku, kuma duk makarantar da ba ta da yara talatin za a rufe ta, a mayar da malamanta wani wuri. Malam Garba ya karanta, ya ninke, ya ce, "Allah shi kyauta." Ya sake buɗewa, ya sake karantawa ko ta canza, ya sake cewa, "Allah shi kyauta."

Ni dai zuciyata ta karye. Na rame, kwat ɗina ya koma kamar na aro. Na ce me zan zauna jira? Na yi magana da mai jaki a ɓoye, ranar kasuwar Sabon Birni ya zo da hantsi ya kai mini akwati tasha. Ranar na ɗaure kayana, na jawo akwati bakin ƙofa, na zaga in yi wa Malam Garba sallama. Ina dawowa na tsaya cak.

Inna Kulu ce zaune daram a kan akwatina. Kujerarta na gefe, babu kowa a kai. Tunda na zo garin ban taɓa ganin ta zauna kan abin wani ba, kuma na tambayi dattawa daga baya, su ma ba su taɓa gani ba.

"Inna, akwatina ne."

"Na san naka na. Tauri garai awa kan mai shi."

"Mai jaki na zuwa."

"Ya zo. Na sallame shi."

Na durƙusa na fara yi mata bayani da hankali: yara ba sa zuwa, za a rufe makaranta, zamana ba shi da amfani. Ta bari sai da na gama.

"Kai kana da Zariya," ta ce. "Ɗiyan ga ina su ka da? Mu mun ga yunwa kahin wagga, mun ga ta hwara, mun binne mutane, kuma ta wuce. Wagga ma za ta wuce. In kat tahi anka ruhe, ran da ruwa yad dawo wa za shi buɗe? Garba? Garba da ko ƙohwar ɗakinai sai ya yi mata sallama?"

Sai ta gyara zama ta ƙara da cewa, "Kuma a ji ga duniya Bayarabe ya tsere daga hannun Bagobira? Ina za ni sa kaina?"

Na koma gefe na zauna, na ce a raina ai dole ta tashi salla. Azahar ta yi, ta miƙe kuwa. Na fara murna. Sai ta shiga cikin gida ta jawo akuyar nan tata, wadda duk unguwa ta san ta da tunkuyi, ta ɗaure igiyarta a hannun akwatina, ta tafi alwala hankali kwance. Na matso, akuya ta sunkuyar da kai. Na ja da baya, ta ɗago. Na zagayo ta baya, ta juyo. Jama'a, da takardar shaidar malanta a aljihuna, akuya ta tsare ni har motocin kasuwa suka tashi!

Kwana huɗu bayan haka aka aiko daga Sabon Birni cewa wani direba ya bar mini saƙo. Mahaifiyata ce ta ji labarin fari a rediyo, ta aiko mini da buhu biyu na garin rogo, wanda kuke ce wa kwaki. A lokacin ba a san shi sosai a nan ba. Aka sauke a tsakar gida, Inna ta kwance bakin buhu, ta ɗebo, ta murza a tafin hannu, ta shinshina.

"Mi na wanga? Rairai? Uwakka ji tay yi muna ƙarancin rairai Gobir?"

Na ce abinci ne, jiƙa shi ake yi.

"Mu da munka ci anza, wanga za a koya muna ci?"

Ta watsa hannu guda a baki. Ta ce ba laifi, da ɗan tsami. Ta ƙara na biyu. Na ce, "Inna, a hankali, yana kumbura." Ta harare ni ta ƙara na uku da na huɗu, don dai kada a ce ta ji maganar Bayarabe. Sannan ta ɗaga moɗa ta sha ruwa ta ƙoshi.

Ba a jima ba na ji salati. Na leƙa, ga Inna kwance a ƙasa, ciki ya yi tam kamar ganga.

"Jama'a ku shaida! Bayarabe ya kashe ni! Watanni ina ciyar da shi, ashe jira shikai a aiko mai da makami!"

Mata suka cika gida, wannan na fifita, wannan na cewa a kawo kanwa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, tsoro ko dariya. Zuwa magariba ta lafa. Aka kawo mata kunu ta ce a mayar, ba wuri. Washegari da safe ma ta ce ba wuri. Sai na ga ta zauna a kan kujerarta tana kallon buhunan nan, ta daɗe. Can ta kira ni.

"Zo nan. Abin ga, hannu guda shi ka zama ukku cikin ciki?"

Na ce haka ne.

"To na kama su."

Kafin in buɗe baki ta sa an ja buhu biyun zuwa ɗakinta, ta ja ƙyaure. Ta ɗora kujera a ka ta fita. Gida gida ta bi, ta sauke kujera a tsakar gida ta zauna, ta ce duk yaron da ya je boko zai samu ludayi biyu na abincin Yarbawa mai kumbura, ita ce shaida, ta ci ta kwana ba ta nemi komai ba. Sharaɗi ɗaya, kowane yaro ya zo da ɗan ruwansa a gora. Har rugar Fulanin da ke bayan gari ta je, waɗanda shanunsu suka ƙare suka rasa abin kiwo, ta zauna musu sai da suka yi alkawari.

Daga ranar ta kafa kujerarta a ƙofar aji, da babbar ƙwarya, da ɗan gishiri da garin ƙuli. In an kaɗa ƙararrawar tara, yara su yi layi. Amma ba a ba ka sai ka faɗi abin da aka koya maka yau. Ita ba ta san ko daidai ne ba, fuska kawai take duba. In yaro ya yi in-ina ta ce, "Ƙarya kakai, koma baya!" Ni kuwa mai garin, in na miƙo kwano sai ta ce, "Bi layi." In na zo gaba ta ce, "Kai mi ka koya yau?"

Yara tara suka zama sha bakwai. Sha bakwai suka zama ashirin da biyar. Aji ya dawo da hayaniya, har na fara jin daɗin tsawatarwa. Ana saura kwana biyu Sufeto ya zo muka cika talatin cif, Malam Garba ya yi ta zagaya aji yana murmushi shi kaɗai. Ana gobe zai zo, wani magidanci ya kwashi iyalinsa ya yi Maraɗi, da 'yarsa ɗaya da ke ajina.

Ranar da safe Malam Garba ya ƙidaya sau uku. Ya ƙidaya daga dama, ya ƙidaya daga hagu, ya sa suka tashi tsaye ya sake. Ashirin da tara. Gumi ya jiƙa masa riga. Muna cikin haka muka ji ƙugin mota.

Sufeton wani dogon Bakano ne mai tabarau, fuska ba wasa. Aka tara yaran duka a ajina. Ya zaro biro yana nuna kawuna ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna bin biron da ido kamar zai haihu.

"Ashirin da tara," ya ce. Ya buɗe littafinsa. "Malam, ka san abin da takarda ta ce."

"Salamu alaikum!"

Muka waiwaya. Inna Kulu ce a bakin ƙofa, ta sha sabon zane, kujera a ka, allon rubutu na yara a hammata. Ta ratsa tsakiyar aji ba ta kalli kowa ba, ta sauke kujera a sahun gaba, ta zauna, ta ɗora allo a cinya.

"Talatin," ta ce.

Malam Garba ya jingina da bango. Sufeto ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Iya, lafiya? Wa kike nema?"

"Karatu nika nema. Ba nan aka ba da shi ba?"

"Shekarunki nawa?"

"An haihe ni shekarar da hwara tac ci gero. Kai kay yi boko, lissahwa."

Yara suka fara ƙunshe dariya. Sufeto ya daure fuska ya ce, "Iya, doka ta ce aji ɗaya sai mai shekara shida."

Ta miƙe zaune, ta nuna kanta da yatsa.

"Dube ni da kyau, ɗan nan. Ban kai shidda ba?"

Na ga leɓen Sufeto ya motsa, amma ya cije. Ya ɗauki alli ya je allon bango ya rubuta A babba.

"To ɗaliba, mene ne wannan?"

Ta ƙanƙance ido. "Bukka ta, an gitta mata icce."

Ya rubuta B. "Wannan fa?"

"Mangala ta. Wani raggo ya jingine ta ga bango bai kai taki gona ba."

Shi ke nan! Sufeto ya saki alli, ya dafa tebur, ya yi ta dariya har tabarau ya faɗi. Yara suka ɓarke, wasu na birgima a ƙasa. Malam Garba, wanda tunda nake ban taɓa jin sautin dariyarsa ba, ya riƙa wani irin kuka kamar ƙofa marar mai. Inna kuwa ko gezau, tana zaune da allonta tana jiran tambaya ta uku.

Da ya samu numfashi ya goge ido, sai ya hango ƙwaryar nan a bakin ƙofa, ya tambayi ta mece ce. Malam Garba ya ba shi labari tun daga farko. Ya dubi yaran, wuyansu duk ya zama siriri, amma ga su zaune a aji. Ya ɗauki biro ya yi rubutu, ya karanta a fili: "Na samu ɗalibai talatin." Ya juya wajen Inna ya ce, "Iya, a dage da karatu."

"Kai ma a dage da zuwa," ta ce. "Amma in za ka dawo, kar ka zo hannu sake."

Bai manta ba kuwa. Bayan mako biyu, daidai garin rogon na ƙarewa, mota ta kawo wa makaranta buhunan jar dawa ta agaji. Da ita muka ja har damina.

Mu mun ɗauka wasa ya ƙare ranar. Ina! Washegari ina shiga aji na tarar da ita a sahun gaba. Na ce, "Inna, ai Sufeto ya tafi."

"To sai mi? Ka ji ya ce ƙarya nay yi? An rubuta ni."

Shekara guda cur ta yi a ajina. Ba ta share fili, ba ta tsalle-tsallen motsa jiki, kuma ba ta tashi in malami ya shigo, wai ita ba ta miƙe wa Bayarabe. In na yi kuskure a Hausa ta gyara mini a gaban yara. In na ɗaga bulala ta ce, "Taɓa shi ka ga inda za ka ci tuwo." A lissafin baki kuwa babu mai kama ƙafarta, kafin in gama tambaya ta ba da amsa, sannan ta ce wa yara, "Ku rubuta, ni hannuna na ciwo." Da aka yi jarrabawa ta zo ta goma sha biyu. Ta ɗauki takardar har gaban Maigari ta kai ƙarata, wai na ci amanar gidan da nake kwana. Sai da aka zauna shari'a sosai, Maigari ya yanke cewa a cikin ɗaliban da suka haura shekara sittin ita ce ta ɗaya. Ta ce yauwa, yanzu aka yi gaskiya.

Amma ta koyi rubuta sunanta. Ranar da ta fara haɗa baƙaƙen nan huɗu da kanta, ta daɗe tana kallon allo, ta ce, "Wagga ni ta?" Na ce ke ce. Daga nan gari ya shiga uku. Ƙofar gida, Kulu. Ƙwarya, Kulu. Turmi, Kulu. Tulun maƙwabciya da ta ara, Kulu, har aka kusa yin faɗa. Wata safiya na ɗauko kwat ɗina zan sa, na ga an rubuta a baya da gawayi, manya-manya. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Don in ka ɓace a san inda za a maido ka."

Ruwa ya dawo, mutane suka dawo, 'ya'yanta ma suka dawo suka tarar da ni a shago kamar an dasa ni. Ita ta nemo mini mata, ita ta yi mini uwa a wajen biki, ita ta wanke 'ya'yana duka biyar. Sau biyu ana ba ni canjin wurin aiki zuwa birni ina cewa a bar ni.

Ta yi tsawon rai, har ta ga wasu daga cikin 'yan ajinta sun zama malamai. Ciwon ajalinta bai daɗe ba, da kaka ne, ana ta yankan gero. Ranar ƙarshe na shiga duba ta bayan azahar, na zauna a bakin gado. Ta rame ƙwarai, muryar nan mai kama da tasa ta koma kamar raɗa. Ta ga idona ya cika.

"Kai, Bayarabe," ta ce. "Alkawari guda za ka yi min."

Na ce, "Faɗi, Inna."

"In anka ɗauke ni, kar ka yi min kuka da Yarbanci. Kar mala'iku su ruɗe su kai ni layinku."

Na ce, "Inna, ai layinmu ya fi sauri."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, jikarta ta ba ta ruwa. Da ta lafa ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Aka kira la'asar, ta ce, "Tashi ka tai masallaci, ɗana. Ka sa ni cikin addu'a." Na tafi. Kafin in dawo ta cika.

Na yi kukan, jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Amma na kiyaye, ko kalma ɗaya ta Yarbanci ban bari ta fita ba.

Allah ya jiƙan Inna Kulu, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya yalwata mata shi. Allah ya shayar da ita daga tafkin Manzonsa, ya sada ta da iyayenta da mijinta a gidan Aljanna. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.